Kafin Ka Kunna Majigi: Lacca Kan Labari, Hujja da Ƙirƙirarriyar Basira a Wurin Aiki

 

An nemi in yi magana kan yadda ma'aikaci zai tsaya gaban manyansa ya gabatar da bayani har su gamsu su amince da abin da ya zo da shi, da kuma irin taimakon da ƙirƙirarriyar basira, wadda aka fi sani da AI, za ta iya yi masa. Ku ba ni dama in fara da labarin wani shafi guda.

Ranar 16 ga Janairun 2003, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta harba kumbon Columbia ɗauke da mutum bakwai. Daƙiƙa tamanin da 'yan kai bayan tashinsa, wani guntun soso, cikin wanda aka lulluɓe tankin mai da shi, ya ɓalle ya daki fiffiken kumbon na hagu. Kumbon ya isa sama lafiya, sai hankali ya koma kan dawowarsa: shin wannan duka ya yi ɓarnar da za ta zama matsala? Injiniyoyin kamfanin Boeing suka zauna suka yi lissafi, suka shirya bayani a shafukan PowerPoint, suka kai wa manyan hukumar. Kan ɗaya daga cikin shafukan, da manyan baƙaƙe, magana ce mai kwantar da hankali. Can ƙasa kuwa, cikin ƙananan baƙaƙe, aka ajiye lambobi biyu, 1920 da 3. Na farko girman soson da ya daki kumbon ne, na biyu girman wanda aka yi gwaji da shi. Wato abin da ya faru ya ninka gwajin sau 640, don haka gwajin da aka jingina da shi ba shi da ta cewa. Shafin bai fito ya faɗi haka ba. Ranar 1 ga Fabrairu kumbon ya tarwatse a sararin jihar Texas yana hanyar sauka, kuma babu wanda ya tsira. Kwamitin da ya binciki hatsarin, bayan nazarin da masani Edward Tufte ya yi wa wannan shafi, ya nuna cewa abu ne mai sauƙi babban jami'i ya karanta shi bai fahimci cewa maganar rai ake yi ba.

Ba na cewa shafin kaɗai ne ya jawo wannan musiba. Kwamitin ya lissafa matsaloli da yawa da suka daɗe a cikin hukumar. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, waɗanda suka sani sun rubuta abin da suka sani, yana nan a kan allo kowa na kallo, amma bai shiga kunnen masu yanke shawara ba. A ofisoshinmu, da asibitocinmu, da makarantunmu, irin wannan na faruwa kowane mako. Ƙaramin ma'aikaci ya ga ɓaraka, ya kai rahoto mai shafi talatin, an tafa masa, an tashi, ɓarakar tana nan.

Saboda haka, kafin ka buɗe kwamfuta, ka tambayi kanka: in na gama magana na zauna, me nake so mutanen nan su yi? Su sa hannu? Su saki kuɗi? Su dakatar da wata kwangila? Su ƙara mini ma'aikaci? In ba za ka iya faɗin amsar cikin jimla ɗaya ba, ba ka shirya ba tukuna, ko da shafukanka sun fi na kowa ado. Yawancin bayanan da nake gani ana gabatarwa a wuraren aiki rahoton ƙoƙari ne: mun je can, mun yi kaza, mun fuskanci ƙalubale. Mai sauraro yana ta jira ya ji inda aka nufa, har wayarsa ta yi ƙara ya fita.

Mu ɗauki misali da zan riƙa komawa gare shi. A ce ke ce jami'ar rigakafi a wata ƙaramar hukuma, kuma firjin da ake ajiye allurai a wani asibitin karkara ya dogara da wutar da ba ta tsayawa. Yawancin alluran rigakafi suna bukatar sanyi tsakanin digiri 2 da 8. In zafi ya taɓa su, ƙarfinsu ya ragu, alhali kwalbar tana nan kamar lafiya lau. Kina son a sayi firji mai aiki da hasken rana. An ba ki minti goma a taron manyan ma'aikata. Jimlarki ke nan: ina neman a amince a sayi firjin sola guda ɗaya ga asibiti kaza kafin zafin bazara ya shigo.

A nan ne tarbiyyarmu ke shigowa, kuma ina so in yi maganarta da girmamawa. An raine mu a kan cewa yaro ba ya faɗa wa babba bukatarsa kai tsaye. Sai a gaisa, a tambayi iyali da gajiya, a yi shimfiɗa, a zagayo, sannan a ɗan taɓo maganar. Wannan ladabi ne mai kyau, ba na so a yar da shi. Ki gaida shugaba, ki ce ranka ya daɗe, ki gode da damar da aka ba ki. Amma da an gama gaisuwa, ki ajiye bukatarki a gabansu, sannan hujjoji su biyo baya. Wata ma'aikaciyar kamfanin ba da shawara na McKinsey, Barbara Minto, ta yi suna a duniyar kasuwanci da koyar da wannan tsari na fara da amsa, a bi ta da dalilai. Dalilinsa a fili yake. Babban ma'aikaci ba shi da tabbas zai zauna har ƙarshe, kuma in ya san abin da ake nema tun farko, zai riƙa auna duk abin da kika faɗa da wannan ma'auni. Rage wa babba wahalar lalube ma ai girmamawa ce.

To, ina labari ya shigo? Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage. Duk wanda ya karanta Magana Jari Ce na Abubakar Imam ya san da labari aku ya riƙa tsare ɗan sarki a gida har ya kuɓuta daga makircin Waziri, abin da umarni da gargaɗi ba za su yi ba. Masu bincike ma sun auna abin. A wani nazari da Deborah Small da George Loewenstein da Paul Slovic suka buga a 2007, an ba mutane dala biyar-biyar, aka nemi su taimaka wa wata ƙungiyar agajin yara. Wasu an nuna musu ƙididdigar miliyoyin masu fama da yunwa a ƙasashen Afirka. Wasu kuma an ba su labarin yarinya ɗaya tak, mai suna Rokia, 'yar shekara bakwai a ƙasar Mali. Waɗanda suka ji labarin Rokia sun ba da fiye da ninki biyu na abin da masu ƙididdiga suka bayar. Zuciyar ɗan Adam tana iya ɗaukar mutum ɗaya ta ji zafinsa. Miliyan kuwa ya fi ƙarfinta.

Wannan sakamako yana ƙarfafa mini gwiwa, yana kuma ba ni tsoro. In labari na da irin wannan ƙarfi, to makami ne, kuma maƙaryaci ma zai iya ɗaukarsa. Don haka sharaɗina na farko ga duk wanda zai ba da labari a wurin aiki shi ne ya kasance abin ya faru da gaske, kuma ya san ya faru. Na biyu, ya kasance labarin yana wakiltar abin da ƙididdiga ta nuna. In cikin asibitoci ashirin guda ɗaya ne kawai ke da matsala, ka ɗauko labarinsa ka ba da shi kamar haka ko'ina yake, ka yaudari mutane ko da duk kalmar da ta fito bakinka gaskiya ce.

Mu koma wurin jami'armu. Labarin da take bukata gajere ne, bai wuce minti ɗaya da rabi ba. Akwai mutum, akwai abin da ya zo nema, akwai abin da ya tare shi. Wata uwa ta taho da jaririnta a goye daga ƙauye mai nisa ranar rigakafi, ta biya kuɗin mashin, ta bar aikin gida. Ta iso, ma'aikacin ya duba alamar da ke jikin kwalba ya ga launinta ya sauya saboda kwana biyu babu wuta, ya ce ta dawo wani makon. Ba ta dawo ba. A nan sai jami'ar ta dakata, ta bar maganar ta zauna, sannan ta ce: wannan ba ita kaɗai ba ce, ga adadin kwalaben da muka zubar a watanni shida, ga kuɗinsu, ga kuɗin firjin, ga watannin da zai ɗauka ya mayar da kuɗinsa. Ku lura ba ta ambaci sunan matar ba, ba ta kuma nuna hotonta ba tare da izininta ba. Mutuncin wanda ake ba da labarinsa amana ce a wuyan mai bayarwa.

Ku lura kuma da wani abu da masu gabatar da bayani kan manta. Labarin bai ƙare ba, kuma wanda zai ƙarasa shi yana zaune a ɗakin. Shugaban da zai sa hannu shi ne zai sa uwa ta gaba ta koma gida da jaririnta an yi masa allura. In ka mayar da kanka gwarzon labarin, ka cika shi da yadda ka sha wahala da yadda ka yi dabara, ka bar shugaba ba shi da rawar takawa sai tafi.

Lambobi ma suna iya magana in an san yadda za a nuna su. Bayan yaƙin Kirimiya, Florence Nightingale ta so ta gamsar da gwamnatin Ingila cewa ƙazanta da cututtukan da za a iya kauce musu sun kashe sojoji fiye da raunukan fagen fama. A 1858 ta fitar da wani zane mai kama da fure, kowane wata da yankinsa: shuɗi ga waɗanda cuta ta kashe, ja ga waɗanda rauni ya kashe, baƙi ga sauran. Shuɗin ya mamaye takardar. Wanda ba ya son lissafi ma, da kallo ɗaya ya gane. Haka nake so shafinku ya zama: magana ɗaya a kowane shafi, kuma kan shafin ya faɗi maganar ƙarara. Kada ka rubuta "Yanayin ajiyar allurai" a sama. Rubuta "Muna zubar da allurai saboda rashin wuta". Da an yi wa shafin Columbia haka, da wanda ya ɗaga kai sau ɗaya ma ya ga hatsarin.

Akwai kamfanin da ya kai abin har ga hana shafukan majigi gaba ɗaya. Tun 2004 Jeff Bezos ya hana amfani da PowerPoint a tarukan manyan ma'aikatan Amazon. Mai gabatarwa zai rubuta takarda da ba ta wuce shafi shida ba, cikin cikakkun jimloli, kowa ya zauna shiru ya karanta a farkon taro, sannan a tattauna. Hujjarsa ita ce gutsattsarin kalmomi da ake jerawa a shafi suna ba mutum damar ɓoye cewa bai yi tunani ba, alhali cikakkiyar jimla tana tilasta masa ya nuna yadda wannan ya haifar da wancan. Ba na ce ku je ku hana majigi a ofis ba. Amma ku ari dabarar: ku rubuta maganarku a takarda ɗaya da hannunku, daga farko har ƙarshe, kafin ku taɓa kowace manhaja.

Yanzu mu zo kan ƙirƙirarriyar basira. Tun da kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT a ƙarshen Nuwambar 2022, ga kuma irinsu Gemini da Claude da Copilot, aikin da kan ci wa mutum dare biyu ya koma na 'yan mintuna. Ka rubuta layi ɗaya, ta jero maka shafuka goma sha biyu masu tsari, da Turanci mai santsi. Ina amfani da ita, kuma ina ba ku shawara ku koya. Sai dai ku san da wa kuke aiki. Ku ɗauke ta kamar sabon yaron ofis mai ƙwazo, wanda ya karance littattafai, ba ya gajiya, ba ya fushi in an ce ya sake, amma bai taɓa taka asibitin nan na karkara ba, bai san halin daraktanku ba, kuma sau da yawa ya gwammace ya ƙirƙiro amsa da ya ce bai sani ba. Wannan hali na ƙarshe daga yadda aka gina ta ya samo asali: an horar da ita ta hasaso kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya, kuma abin da ya dace da kunne ba kullum yake zama gaskiya ba.

A 2023, a birnin New York, wasu lauyoyi da ke ƙarar kamfanin jiragen sama na Avianca sun miƙa wa kotu takarda ɗauke da tsoffin shari'o'i shida a matsayin hujja. Da aka nema, babu ko ɗaya da ta taɓa wanzuwa. ChatGPT ce ta ƙaga su, da sunaye da lambobi kamar gaske. Alƙali ya ci su tarar dala 5,000, sunansu kuma ya zagaya duniya. Tarar ba komai ba ce in aka kwatanta da abin da suka rasa. Kai ma, ranar da akanta ya ɗaga hannu ya ce wannan adadi daga ina ka samo shi, ka rasa amsa, daga ranar duk lambar da ka kawo sai an yi mata kallon tuhuma. Saboda haka duk adadi, duk suna, duk kwanan wata da na'ura ta ba ka, ka bi shi har tushensa, ko ka cire shi. Kuma kada ka taɓa ce mata ta ƙirƙiro maka labari mai taɓa zuciya ka ba da shi kamar ya faru. Za ta yi, kuma zai yi daɗi, amma ramin ƙarya ƙurarre ne.

A ina take da amfani ke nan? A ganina, inda ta fi amfani shi ne inda mutane suka fi mantawa da ita, wato wajen suka. Bayan ka rubuta takardarka ɗaya, ka ba ta, ka ce: ke ce ma'ajin hukuma, kasafin bana ya yi ƙaranci, kuma kin sha ganin an sayi kaya sun lalace babu mai gyara, kawo mini tambayoyi mafi tsauri da za ki yi wa wannan bukata. Za ta tambaye ka wa zai kula da batir, wa zai hana a sace faifan sola, me ya sa wannan asibiti ba wancan ba. Gara ka ji waɗannan tambayoyi a ɗakinka da daddare da ka fara jin su a gaban darakta. Ka kuma tambaye ta: a ina hujjata ta fi rauni? Ka ce kada ta yabe ka, domin in ba ka hana ta ba, yabo ne zai fara fitowa. Tana da amfani wajen rage tsawo, ka ba ta bayanin minti ashirin ta nuna maka abin da za a iya cirewa ya koma goma. Tana iya ba ka shawarar irin zanen da ya dace da lambobinka, ta gyara maka nahawun Turanci, ta sauƙaƙa kalmomin likitanci ga wanda ba likita ba. A duk waɗannan, kai ne ka zo da kaya, ita tana taya ka ɗauri.

Gwargwadon abin da ka faɗa mata, gwargwadon abin da za ta ba ka. In ka ce "shirya mini bayani kan rigakafi", za ta ba ka abin da za a iya gabatarwa a kowace ƙasa, wanda ke nufin ba zai motsa kowa ba a taku. Faɗa mata su wa za su saurara, me suka riga suka sani, me suke tsoro, minti nawa gare ka, me kake so su yanke. Amma a nan akwai iyaka. A 2023 kamfanin Samsung ya taƙaita wa ma'aikatansa amfani da irin waɗannan manhajoji bayan wasunsu sun zuba bayanan sirrin kamfanin a ciki. A Najeriya kuma akwai dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023. Sunayen marasa lafiya, albashin ma'aikata, lambobin asusu, takardun kwangilar da ba a bayyana ba, duk waɗannan ba naka ba ne balle ka miƙa wa wata na'ura da ba ka san inda take ajiya ba. Cire suna, sauya abin da zai sa a gane mutum, ka kuma tambayi ko ma'aikatarku tana da ƙa'ida a kan wannan.

Ga masu gabatarwa da Hausa, a taron ƙungiyar manoma, ko gaban hakimi da dagatai, ko a zaman iyaye da malamai, ina da ƙarin jan hankali. Waɗannan manhajoji sun sha Turanci sun ƙoshi, Hausa kuwa kurɓa suka yi, saboda rubutunmu a intanet bai taka kara ya karya ba. Hausarsu kan fito da ƙamshin fassara, wani lokaci ta zubar da ƙugiyar baƙaƙe, wani lokaci ta kira dattijo da kalmar da ba a kiran dattijo da ita. Ka yi shawara da ita kan tsari in kana so, amma kalmomin da za ka furta gaban mutanenka su fito daga bakinka.

Akwai wani sakamako na wannan zamani da nake so ƙannena da ba su daɗe da kama aiki ba su yi tunani a kansa. Da, shafuka masu kyau da Turanci mai tsabta suna nuna cewa mutum ya yi aiki. Yanzu kowa na iya samunsu kafin shayi ya huce, kuma manya sun fara gane salon, har suna gajiya da shi. Abin da ya rage mai tsada shi ne abin da na'ura ba za ta iya ba: ka ce na je, na buɗe firjin da hannuna, na ƙirga kwalaben, na yi magana da ma'aikacin. Gani ya kori ji. Lokacin da na'ura ta rage maka, kada ka kashe shi wajen ƙara shafuka; ka hau mashin ka je ka gani.

Saura ranar gabatarwar kanta. Tun kafin ta zo, ka je ofishin wanda ka san zai fi yin adawa, ka gaishe shi, ka nuna masa abin da za ka kawo, ka nemi shawararsa. Babba ba ya son a ba shi mamaki a gaban jama'a, kuma wanda aka shawarta a keɓe da wuya ya tsaya ya rushe abin da ya sa baki a ciki. Ka gwada maganarka da babbar murya, a tsaye, da agogo a gabanka, domin jimlar da ta yi kyau a ido takan sarƙe a harshe. Ka buga takarda ɗaya mai ɗauke da bukatarka da manyan lambobinka, ka raba wa kowa, ka kuma shirya yadda za ka yi magana in an ɗauke wuta majigi ya mutu. Ka fuskanci mutane, kada ka juya musu baya kana karanta allo. Sun iya karatu.

In aka yi maka tambayar da ba ka da amsarta, ka ce ranka ya daɗe ban tabbatar ba, zan bincika in kawo gobe, sannan goben ka kawo. In kuma ka ga taro na neman watsewa ba a yanke komai ba, ka nemi izini cikin ladabi ka maimaita bukatarka: shin an amince, ko akwai abin da ake so in ƙaro, kuma zuwa yaushe? Kafin a tashi aiki a ranar, ka aika wa duk wanda ya halarta gajeren saƙo da ke ɗauke da abin da aka yanke, da wanda zai yi, da ranar da za a yi. A wannan ma na'ura za ta iya taya ka tsara rubutun, amma ka karanta shi sau biyu kafin ka tura, domin sunanka ne a ƙasa.